Bashin Janbaki

Kafin rana ta fara cin zalin Mabera
nakan fito da tsakin gero a marfin samira,
in zauna can ƙuryar gida, gindin kurnar nan
da Kulu ta ce in sare tun bara.
Ban sare ba.

Baiwar Allah ke fara sauka,
jajir, kamar an tsoma ta a manja.
Ba ta kai babban yatsana ba
amma ita ke buɗe kasuwa.
Sai asisi biyu, kullum biyu.
Kurciya kuwa sai ta gama leƙe daga katanga,
ta sauko, ta yi taku uku, ta tsaya,
kamar baƙon da ya iske ana cin tuwo.

Akwai wata mai ƙafa ɗaya da dungu.
Jikata Saude ta raɗa mata Sannu-Sannu.
Ita nake jefa wa nata daban,
kusa da takalmina.

Gindin tulun da ya fashe ranar sunan Saude
shi ne rijiyarsu.
A bazarar Sakkwato ruwa ya fi hatsi farin jini:
da azahar sukan zo baki buɗe, fiffike a sake,
ba mai kuka, ba mai tsokana,
har hankaka, da duk rashin kunyarsa,
yakan jira layi.

Modi Tela ya leƙo ta katanga, zare a leɓe:
"Dikko, ka san nawa tiyar gero ta kai jiya?
Kai ko kana watsa ma waɗanda ba su san sunanka ba."
Na yi dariya, na ce ya gaida gida.

Abin da ban faɗa masa ba:
ina ɗan shekara tara a fadamar Kwalkwalawa,
bisa rumfar kara, igiya ɗaure a hannu,
gwangwanaye na kuka daga wannan kunya zuwa waccan,
muryata kan dushe kafin hantsi.
Janbaki kan taso daga gulbi kamar hayaƙin gobara
su kwanta kan shinkafar babana.
Na zage su, na zagi kakanninsu.
Danƙona bai cika kuskure ba.
Da dare mu gasa, mu barbaɗa gishiri da yaji,
kuma ba zan yi ƙarya da furfura ba,
akwai daɗi.

Sai wata rana na tsinci ɗaya da sauran rai.
Zuciyarta na bugawa a tafina
da sauri, da sauri,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare.
Na rufe hannu.
Shekara sittin ke nan
tafin bai daina jin bugun ba.

Janbaki dai ba su taɓa sauka gidan nan ba.
Masu bashin ba su san unguwar ba,
ko kuwa sun yafe, ko sun manta,
ni dai 'yan'uwansu nake biya,
marfi ɗaya kowace safiya.

Shekaranjiya inuwa ta gilma bisa ƙasa.
Shirwa.
Ban san sanda na miƙe ba,
gwiwar da likita ya ce in lallaɓa ta ɗauke ni,
na buga marfin samira da zobe,
ihun nan na fadama ya fito daga maƙogwarona
da tsatsarsa, da komai.
Shirwa ta karkata, ta nufi Gawon Nama.

Kulu ta fito da ludayi a hannu:
"Lafiya? Da wa kake?"
Na ce, "Aikina na dā."

Tsakar gida ta yi tsit.
Tsakin na nan warwatse, ba mai taɓawa.
Na koma na zauna ina haki,
ina duban kurna, ganye ko motsi.
Har shayina ya huce.

Can sai ga Sannu-Sannu,
tana ɗingishi daga bayan randa.